Filin Tambaya da Amsa: Tsohuwar Wagon 'Yar Baljiyam a Zafin Sakkwato

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon daga Sakkwato da kewayenta suka fito, kuma sun taru a kan abu guda, wato tsofaffin motocin Turai masu dogon baya da ake kira wagon. Na zaɓi huɗu daga ciki, waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a unguwar Mabera, ina da iyali mai yawa, kuma lokaci zuwa lokaci nakan kai su gida Tambuwal. Na daɗe ina tara kuɗi ta hanyar adashi, yanzu dillali ya nuna mini motoci biyu, Golf 3 wagon da Fijo 406 wagon, ya ce dukansu 'yan Baljiyam ne, ba a taɓa hawansu a Najeriya ba. Wacce ta fi dacewa da mai albashi irina, waɗanne matsaloli zan tarar, kuma yaya nauyin riƙonta zai kasance?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga zaɓi, ya kamata ka san shekarun abin da ake tallata maka. Kamfanin Volkswagen ya ƙera Golf 3 mai dogon baya ne daga 1993 zuwa 1999, shi kuwa Peugeot ya fitar da 406 wagon a 1996, ya daina ƙera ta a Turai a 2004. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin Golf ɗin ta haura shekara 25, mafi ƙuruciya a Fijo kuma ta haura 20. Dokar shigo da motoci ta ƙayyade shekarun motar da za a bari ta shigo ƙasar nan, kuma waɗannan biyun sun daɗe da wuce iyakar. Saboda haka maganar dillali cewa yanzu suka sauka abin bincike ce, domin ko dai motar ta sha aiki a nan gida aka yi mata fenti da wankin inji, ko kuma ta shigo ta ɓarauniyar hanya, kuma kowanne daga ciki yana da abin da zai jawo maka.

A ra'ayina, Golf mai giyar hannu, mai inji 1.6 ko 1.8, ita ta fi dacewa da mai albashi. Ba wai ta fi 406 inganci ba ne. Fijo ta fi ta faɗi, ta fi ta daɗin zama, kuma ta fi ta kwanciya a kan titi idan an kama doguwar hanya. Abin da Golf ta fi ta da shi shi ne sauƙi: wayoyinta kaɗan ne, kusan kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Illela ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu ko a ƙauye. Ita kuwa 406, musamman wadda aka ƙera daga 1999 zuwa sama, lantarki ya yi mata yawa, kuma idan rewaya marar ƙwarewa ya shiga yanke mata wayoyi, za ka ga fitila tana kamawa da kanta, gilashi ya ƙi sauka, batir yana mutuwa cikin dare. Sai dai akwai wani hanzari. Saboda 'yan haya sun fi son Golf wagon, yawancin waɗanda ke kasuwa sun riga sun gaji, don haka lafiyayyar 406 ta fi gajiyayyar Golf nesa ba kusa ba. Lafiyar motar da ke gabanka ita ce abin dubawa, ba sunan da ke jikinta ba.

Ka je dubawa da sassafe, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙarar da zai yi da hayaƙin da zai fitar a tashin farko. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a juya shi: idan aka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne a ciki, akwai yiwuwar ruwa yana haɗuwa da mai, wato gasket ɗin saman inji ya ƙone. A leƙa robar ruwan lagireto, a ga ko ruwan mai launi ne ko kuwa jajayen tsatsa ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta injin da ke shan baƙin mai, ko ta ringi ko ta robobin bawul. Bayan haka a hau da motar kan rami a duba ƙarƙashinta da tocila, domin a ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa yayin da fentin sama ke ƙyalli. A ɗaga dardumar but, a ciro safayar taya, a dubi ramin da take zama. A dubi wuraren da ake kafa jak, a danna su da sukudireba. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma jikin da tsatsa ta cinye ba ya komawa yadda yake, komai ƙwarewar mai walda.

Kada ka ba lambar kilomita da ke gaban sitiyari muhimmanci, domin mayar da ita baya ba wuya ba ne. Sitiyarin da ya goge ya yi santsi, da robar fedar kuloci da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa, sun fi wannan lamba faɗin gaskiya. Ka kuma tsaya daga gefe ka dubi tazarar da ke tsakanin tayar baya da jikin mota. Idan bayan ya zauna alhali babu kaya a ciki, to motar ta yi dakon buhuna, kuma sifirin da shokozoba da bushin na baya duk suna jiranka. Daga nan sai gwajin tuƙi, kuma shi da rana tsaka ya kamata a yi shi, a kunna na'urar sanyi, a shiga cunkoson da ke kusa da babbar kasuwa na akalla rabin sa'a, ido yana kan allurar zafi. A murɗe sitiyari har ƙarshe a tafi a hankali, idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, kan shaf ne ya mutu.

Yanzu ga batun kuɗi, kuma a nan ne mafi yawan masu saye ke shiga uku. Mutum yakan zuba duk abin da ya tara a kan farashin mota da la'adar dillali, ya koma gida ba ko sisi, alhali tsohuwar mota tana da babban gyara na farko wanda ba a ɗaga masa ƙafa. Shawarata ita ce ka ware akalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka kafin ka fara ciniki, ka ɗauka ba ka da shi. Da shi za a sauya bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da na bawul a cikin inji, da abin da ke ɗaure shi da famfon ruwa, ko da an rantse maka sababbi ne, domin ba ka da hanyar tabbatarwa. A injunan Fijo masu bawul 16 da injunan dizal, idan wannan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, sai gyaran da ba shi da yawa ya koma buɗe inji. A yanayinmu na zafi ba na son bel ya wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu. A sauya tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da robobin ruwa da suka bushe, da baƙin mai da matatarsa, da matatar iska da ta fetur, da fulogi, da man birki, wanda ya kamata a riƙa sauyawa duk shekara biyu saboda yana tsotsar damshi. Tayoyi kuma a karanta shekarunsu: a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Taya mai zane mai kyau amma mai shekaru da yawa ita ce ke fashewa a kan kwaltar Afrilu.

Bayan wannan sai kuɗin yau da gobe, wanda fetur ne kan gaba. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Mu yi lissafi na misali: idan motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, kana kuma yin kilomita 1,000 a wata, lita 100 ke nan, wato naira 100,000 idan muka ɗauki lita a naira 1,000. Wannan ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ka sa farashin gidan man unguwarku da tafiyar da ka san za ka yi, ka ga abin da zai fito, kafin ka biya ko kwabo. Baƙin mai ka sauya shi duk kilomita 5,000, matatar iska kuwa ka riƙa duba ta akai-akai a lokacin hunturu, domin ƙurar da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu idan ta sami hanyar shiga inji goge silinda take yi. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun farkon 2023, ga sabunta lasisin mota da takardar lafiyarta duk shekara.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa, daga shagunan Sakkwato har Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas: sabo na asali, da na Baljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai araha wanda kwalinsa kaɗai ya yi kama da na asali. Yawancinsu daga waje suke, shi ya sa farashinsu ya tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Ƙofa da fitila da giya da kik, har ma da inji sukutum, ana iya sayen na Baljiyam a ji daɗinsu. Amma bel da robobin ruwa da tamostat da takalmin birki da taya, waɗannan shekaru ne ke kashe su ko ana aiki da su ko ba a yi, don haka sababbi na kirki za ka saya. Araha ba ta ado, balle a kan abin da zai ɗauki iyalinka zuwa Tambuwal.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina ɗaukar albasa da gero a Golf wagon daga Wurno zuwa cikin gari. Tun shigowar bazara motar take ɗaukar zafi. Bakanike ya ce tamostat na ƙasar sanyi ne, ya cire shi ya jefar, ya kuma haɗa fanka kai tsaye. Zafin ya ɗan lafa, amma yanzu shan mai ya ƙaru, kuma kullum sai na ƙara ruwa. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Abin da aka yi wa motarka ana yin sa a gareji da yawa, da kyakkyawar niyya, amma ɓarna ce, kuma ina so ka fahimci dalili domin ka iya yi wa bakaniken bayani cikin mutunci. Tamostat ba don ƙanƙara aka sa shi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa a cikin inji har zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin salshiyos, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto, domin a wannan zafin ne aka tsara inji ya yi aiki, ko a Jamus ko a Sakkwato. Idan aka cire shi, da safe da lokacin sanyi injin ba ya kai wa zafinsa, na'urar da ke auna zafin ruwa sai ta riƙa shaida wa kwamfutar mota cewa har yanzu inji bai ɗumama ba, ita kuma ta ci gaba da ƙara fetur. Ƙarin shan man da kake gani ke nan, kuma fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi su ci da wuri. A wasu injunan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, idan babu shi wani ɓangare na ruwan ba ya isa lagireto ko kaɗan. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuwa tana juyawa ba hutu, tana wahalar da caja da batir, kuma ranar da ta ƙone ba za ta yi maka sallama ba.

Ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Motar da ta haura shekara 25, a garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, abubuwa kaɗan ne ke sa ta zafi. Lagireto yakan toshe daga waje da ƙura da ƙaiƙayi, ya toshe daga ciki da tsatsa da farar ƙasar da ruwan rijiya da na burtsatse ke bari. Famfon ruwa yakan gaji. Makunnin fanka da ke jikin lagireto yakan mutu. Murfin robar ruwa, wanda mutane ke rainawa, idan ya daina riƙe iska ruwa yana tafasa da wuri: ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma ruwan sanyaya inji na kanti da aka gauraya rabi da rabi, a ƙarƙashin murfi mai lafiya, yana haura 120 bai tafasa ba. Golf 3 kuma tana da wani rauni nata na musamman, wato mahaɗan ruwa na roba mai tauri da ke manne a jikin kan inji. Tsufa da zafi suna sa su tsage, ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan yana bushewa a kan inji, ba ka ganin komai a ƙasa sai wani farin tabo a kusa da mahaɗar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙarin ruwa kullum. Lafiyayyar mota ba ta shan ruwa. Idan aka duba mahaɗan nan da robobi da famfo da ƙaramin lagireton ɗumama ɗaki da ke bayan dashbod ba a ga yoyo ba, to a tayar da inji da sanyi a dubi robar ruwa. Kumfa mai tasowa ba tsayawa, ko farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, suna nuna gasket ya riga ya ƙone. Kan injin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka idan aka buɗe lalle a kai shi a auna a daidaita kafin a sa sabon gasket, in ba haka ba aikin zai dawo. A mayar da sabon tamostat, a mayar da fanka kan makunninta, a wanke lagireto ko a sauya shi, a daina zuba ruwan rijiya. Kuma kada ka taɓa buɗe murfin ruwa inji yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka.

Sai batun lodi. Abin da irin wannan mota za ta ɗauka bai wuce kimanin kilo 500 ba, har da kai da duk wanda ke ciki, kuma an rubuta iyakar nauyinta a ƙaramin allon ƙarfe da ke jikinta. Buhun gero mai kilo 100 guda huɗu tare da direba sun kusa cika wannan ma'auni. Duk abin da ka ɗora bayan haka, inji da kuloci da birki da boris na baya ne ke biya, kuma yana daga cikin abin da ke sa allurar zafi hawa.

TAMBAYA: Malam, ina da 406 wagon mai giyar otomatik da maigida ya saya mini don kai yara makaranta a Arkilla. Wani lokaci takan yi wata girgiza mai ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, sai ta ƙi sauya giya, amma idan na kashe na sake tayarwa sai ta dawo daidai. An ce mu sayi wata giyar. Haka ne?

AMSA: Hajiya, kada ku yi gaggawar sayen giya. Yawancin 406 masu otomatik da inji mai silinda huɗu suna ɗauke da giya mai hawa huɗu da ake kira AL4, kuma abin da kika bayyana sanannen halinta ne: idan kwamfuta ta ga matsin mai bai yi daidai ba, sai ta kulle motar a giya ta uku don kare ta daga lalacewa. Sau da yawa ƙananan bawul na lantarki da ke sarrafa matsin man ne suka gaji, ko kuma man ya tsufa, ko an zuba wanda ba nata ba. Giyar nan tana da man da aka keɓe mata, mai lamba LT 71141 ko wanda ya yi daidai da shi, ba kowane jan mai ake zuba mata ba. A kai ta wurin wanda ya san Fijo kuma yake da na'urar bincike ta kwamfuta, a karanta abin da ta rubuta, a duba man, a sauya bawul ɗin idan su ne. Giyar Baljiyam da za a sayo sa'ar taki ce a shekaru, kuma tana iya zuwa da ciwo iri ɗaya. Amma kada a ci gaba da hawa a haka har tsawon watanni, domin kowace girgiza tana cin faifan da ke ciki, kuma idan suka ƙone sayen wata giyar zai zama dole.

TAMBAYA: An yi mini tayin wagon a farashi mai sauƙi ƙwarai, an ce daga Kwanni ta Jamhuriyar Nijar aka shigo da ita, takardun kwastan kuma za a kawo daga baya. In saya?

AMSA: Kada ka saya, ɗan'uwa. A ranar 1 ga Janairun 2017 haramcin shigo da motoci ta iyakokin tudu ya fara aiki, kuma motar da ba a biya mata kuɗin fito ba jami'an kwastan suna da ikon kama ta a duk inda suka same ta, ko da ta yi shekaru a hannunka da lambar Najeriya a jikinta. Takardar da za a kawo daga baya sau da yawa ta wata motar ce ko kuma ta jabu. Ko a motar da takardunta ke hannu, ka gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin mota da wadda ke cikin takarda, ɗaya bayan ɗaya, ka kuma dubi wurin da aka buga ta ko akwai alamar walda ko sabon fenti. A motocin Volkswagen, harafi na goma yana nuna shekarar samfurin: S na nufin 1995, T 1996, V 1997, W 1998. Idan takarda ta ce wata shekara, shasi ya ce wata, ka bar cinikin. Idan komai ya yi daidai, ka je ofishin kwastan da ke Sakkwato da kwafin takardun a tabbatar maka da su kafin kuɗi su bar hannunka, sannan a rubuta yarjejeniyar saye a gaban shaidu, da lambar shasi da ta inji a cikinta.